Tsohon Fiyano Da Kwamfuta: Ajiya Maganin Wata Rana

Yau hirar tamu ta kayan kiɗa ce, amma ku bi ni a sannu, za ku ga inda na dosa.

Duk wadda ta taɓa zuwa gidan biki ko ta kalli fim ɗin Hausa ta san kiɗan fiyano. Mutum ɗaya zai zauna, ya taɓa nan ki ji sarewa, ya taɓa can ki ji ganga, alhali babu fata babu tsirkiya a cikin abin, lantarki ne kawai ke ƙera sautin. Yayana yana cikin masu wannan sana'a, kuma abin da ya same shi ne ya sa na bi diddigin tarihin nan.

A shekarar 1983 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da wani fiyano mai suna DX7, wanda aka gina a kan dabarar da wani malamin Jami'ar Stanford ta Amurka, John Chowning, ya gano tun 1967. A cikinsa akwai 'yan injinan sauti guda 6 da hanyoyi 32 na jera su, wani yana girgiza muryar wani, kamar dai a ba ki kayan miya shida a ce akwai hanya 32 ta haɗa su. Ya samu kasuwa ƙwarai, don an sayar da sama da guda 150,000.

To amma fa akwai wahala. Kowane sauti ɗaya yana da saiti fiye da 100, gilashin da ke nuna rubutu kuwa ɗan mitsitsi ne, layi biyu kacal, kowane layi harafi 16. Saiti ɗaya za ki gani a lokaci guda, ki gyara, ki wuce na gaba, kafin ki kai na goma kin manta na farko. Wallahi kamar tsintar buhun shinkafa da hasken ashana. Shi ya sa yawancin makaɗa suka haƙura da sautukan da kamfani ya zuba, har waƙoƙin Turawa na wancan zamani suka riƙa kama da juna. Sannan cikinsa sauti 32 kawai yake ɗauka, kuma ɗan batir mai kamar kwabo ne ke riƙe da su.

Sai Allah Ya kawo mafita a wannan shekarar dai ta 1983. Kamfanonin kayan kiɗa suka amince da yare ɗaya da na'urori za su riƙa magana da juna ta waya mai haƙora biyar, aka kira shi MIDI. Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland na Japan su ne kan gaba a aikin. A cikin yaren akwai wani irin saƙo mai suna SysEx, wanda da shi fiyano zai juye wa kwamfuta duk abin da ke cikinsa, ita ma ta mayar masa.

Da kwamfutar Atari ST ta fito a 1985 da kafar MIDI a jikinta, sai makaɗa suka yi mata caa. Kamfanin Opcode na Amurka ya rubuta manhajar gyaran sauti da adana shi a kwamfutar Macintosh, daga baya Emagic na Jamus ya fito da SoundDiver. Saitin nan da ake leƙe ɗaya bayan ɗaya sai ga shi a shimfiɗe a allo gaba ɗaya, kamar an buɗe miki ɗakin ajiya an kunna fitila. Mutum ya gyara, ya ji a take, ya adana a faifai, har ya ba abokinsa ko ya sayar. A yau ma akwai manhajar kyauta mai suna Dexed da ke yi wa DX7 wannan aiki, kuma sautukan nan 32 gaba ɗaya ba su kai nauyin hoto ɗaya na wayarki ba.

Yanzu bari in dawo kan Yaya. Gwanjon irin wannan fiyanon ya saya, kuma da bikina ya matso ya yi makonni yana danne-danne cikin dare, har ya haɗa wani sauti mai kama da sarewa, shi ya kaɗa ranar kamuna. Bai ajiye shi a ko'ina ba sai cikin fiyanon. Shekaru suka ja, aka jingine shi a lungu. Da auren 'yata ya zo na ce, “Yaya, sautin nan nawa nake so a yi mata.” Ya kakkaɓe ƙura ya kunna, sai ga rubutu a hargitse, ashe batir ya daɗe da mutuwa. Ɗansa ya sa aka canja batirin, ya jona waya da kwamfuta, cikin ƙiftawar ido fiyano ya cika da sautuka ya dawo garau. Yaron ya ce, “Baba, ai da ka juye naka a kwamfuta da yanzu yana nan.” Yaya ya yi shiru. Ya gwada sake haɗawa ya fi a ƙirga, bai dawo ba.

'Yar uwa, tun ranar nake tuna haɗin turaren wutar kakarmu, wanda ba wadda ta rubuta har ta koma ga Mahaliccinta. Muna da tukunyarta da kaskonta, haɗin ne babu. In akwai tsohuwa a gidanku mai sirrin miya, ko humra, ko waƙar daka, ɗauki biro da littafi yau ki zauna kusa da ita, kada ki ce sai gobe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace, amin.