El-Buhari da Baturen da ya hana a sare kututture

Jama'a, duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinku, makiyayi ne ko ɗan kasuwar bakin iyaka, ba sai an gaya masa abin da ya faru a 1984 ba. Damina ta yi gardama, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba, ciyawa ko ta rantsuwa babu. A watan Afrilu na shekarar kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da kuka saba shigowa da shi ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, ko ta Illela zuwa Ƙonni, ya koma sai ta ɓarauniyar hanya, da tsada. Kuɗin saniya ya faɗi, na tiya ya hau. Shi ya sa mutanen Maraɗi suka raɗa wa wannan yunwa suna El-Buhari.

To, a cikin waɗanda suka raba abinci a wannan shekara akwai 'yan mishan na SIM. Da yawanku kun san su ta asibitin Galmi, wanda suka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ko ta asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi. Asalin ƙungiyar samari uku ne da suka sauka Ikko a 1893 da niyyar kaiwa ƙasar Hausa. Biyu, Gowans da Kent, ciwo ya kashe su a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a 1924 mutanensa suka samu zama a Damagaram, daga baya Tsibiri.

Abin da ya kamata ku sani game da su shi ne yadda suke kallon arziki. Ɗan mishan irin nasu ba ya fitowa da tabbacin albashi daga wata gwamnati ko wata babbar majami'a. Abin da masu bi suka aiko shi ake ci, in bai zo ba a yi addu'a a jira. Hujjarsu daga littafinsu take: labarin abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, da na Yusufu da ya tara hatsi a Masar kafin shekara bakwai na fari, da na Yesu Almasihu da ya ƙosar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu. A wurinsu Allah ne mai ciyarwa, amma ta hannun mutum yake yi, wanda kuma ya ga mayunwaci ya kau da kai ya saɓa wa Ubangijinsa. Kai da kake kora garke arewa ba ka san inda ruwa zai sauka ba, ai ba baƙon zance ba ne a kunnenka.

A cikinsu akwai wani matashi ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, masanin noma, da ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980. Aikin da aka ba shi dashen itatuwa ne, kuma aikin bai yi kyau ba. A raini dashe a gandu, a kai ƙauye, iska da rana da gara da awaki su gama da galibinsa. Shi da bakinsa yana ba da labarin wata rana a 1983, yana kan hanyar ƙauye da kayan dashe, ya tsaya rage iskar taya don mota ta iya ratsa rairayi. Ya duba gabas da yamma, fili fetal. Ya ce nan ya roƙi Allah gafara a kan yadda mutane suka lalata ƙasar da ya ba su, ya kuma roƙi a buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa yana ɗauka ciyayi ne. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sassabe shi kafin shuka.

Dabarar ba ta da wuya. A cikin tohon kututturen kalgo ko sabara ko magarya, ka zaɓi masu ƙarfi kaɗan ka bari, ka datse sauran, ka kare su. Tunda saiwa ta riga ta yi zurfi, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Ita ce aka sani da sassaben zamani. Amma da fari manoma kaɗan suka yarda, har ana ce masa mahaukacin Bature. Suna da hujja fa: gona mai tsabta ita ce mutuncin manomi, ga kuma doka tun ta zamanin Faransa da ta mai da itace na gwamnati, in ka sare na gonarka ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Wa zai raini abin da ba nasa ba?

Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa. Mishan ta shirya abinci a bakin aiki a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin mai karɓa ya bar itace wajen 40 a kowace hekta ta gonarsa. A haka aka bar itatuwa kimanin 500,000. Nan akwai abin cewa, kuma ba zan ɓoye muku ra'ayina ba: mai jin yunwa ba ya musu da mai riƙe da kwano, yardar da aka samu a wannan hali ba yarda ba ce. Ga shaida, da aka daina rabon abinci sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wasu kuma tun fari suna zargin hatsin tarkon shiga addini ne, ko da yake ƙauyukan da suka karɓa Musulmi suke har yau. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya yi magana. Masu shi suka ga iska ta daina binne shuka, mata suka huta da tafiyar neman itacen girki, ga na sayarwa a kasuwa. Jami'an daji na yankin suka sassauta, aka bar wa manomi abin da ya raina. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci.

Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itace, kimanin miliyan 200. Ba duka aikin mishan ba ne, a ƙasar Damagaram manoma da kansu suka riƙa barin gawo. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, a 2018 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Ku makiyaya kun ci riba kun kuma biya farashi. Gawo da rani yake ganye, 'ya'yansa kun san abin da suke yi wa saniya a watan da babu komai a ƙasa. Sai dai itacen da da can na daji ne, kowa ya hau ya sassaro, yanzu yana da mai shi. In kun sauko gonaki bayan girbi, reshen da yaronku zai ɗaga wa adda wani ne ya yi shekara da shekaru yana karewa, kuma a ƙauyuka da yawa akwai kwamitin da ke sa ido. A nemi mai gona a yi magana tukuna. Galibi takin da garke zai bari a gonar shi ne kuɗin ganyen.