Ganye 25 a cikin ambulan

A hutun bara malaminmu ya ba mu aikin tattara sunayen itatuwa daga bakin tsofaffi. Na je wajen wata dattijuwa mai sayar da saiwoyi a kasuwar garinmu, tana faɗa ina rubutawa: sabara, marke, kalgo, bagaruwa, tafasa. Kowane suna ta kira sai ta haɗa shi da ciwon da ake sha masa. Da na nuna mata furen nan mai ruwan hoda da fari wanda ake shukawa a ƙofar ofisoshi da gidaje a Yamai, sai ta yi dariya ta ce: "Ɗana, wannan ai na ado ne, ba ya maganin komai." Nima haka na ɗauka. Sai daga baya na gano cewa daga jikin wannan fure aka ciro maganin da ya canza tarihin sankarar jini ta yara.

Asalinsa daga tsibirin Madagaskar yake, masana na ce masa Catharanthus roseus. Jiragen ruwa suka yaɗa shi cikin ƙasashe masu zafi, kuma a wurare da yawa, kamar Jamaika da Filifin, mutane na dafa ganyensa su sha don ciwon sukari.

A 1952 wani likita a Jamaika ya sa ganye 25 cikin ambulan ya aika wa Clark Noble a Kanada, tare da bayanin abin da mutanen tsibirin ke faɗa. Shi wannan Clark yana cikin waɗanda suka yi aiki a farkon binciken insulin, shi ya sa aka tuna da shi. Sai ya miƙa ganyen ga ƙanensa Robert Noble, wanda ke bincike a jami'ar Western Ontario.

Robert ya ba dabbobin gwaji ruwan ganyen suka sha, sukarin jininsu bai sauka ba. Wani da nan zai jefar da aikin. Shi sai ya ce bari ya gwada ta allura. Ɓerayen da aka yi wa allurar suka riƙa mutuwa, kuma ba sukari ya kashe su ba, ƙwayoyin cuta ne suka ci ƙarfinsu. Da aka duba jininsu sai aka tarar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kare jiki, sun kusa ƙarewa, ɓargon da ke samar da su kuma ya raunana.

To a nan ne tunani ya juya. Sankarar jini cuta ce da ɓargo ke ta haifar da fararen ƙwayoyi marasa amfani ba tsayawa, har su cunkushe na kirki. Sunanta na Turai ma abin da yake nufi ke nan: a 1847 likitan Jamus Rudolf Virchow ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "fari" da "jini", ya raɗa mata. Ashe abin da ya zama guba ga ɓera mai lafiya yana iya zama magani ga wanda fararen ƙwayoyinsa suka yi yawa.

Sai dai ruwan ganye ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne fiye da 70 a cakuɗe. Wanne ne ke aikin? A 1954 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, Charles Beer, ya zo ya kama wa Noble. Ya yi ta tacewa yana rarrabawa, kowane kashi a gwada shi a jikin ɓera a ƙirga ƙwayoyin jini. Sai a 1958 suka ware sinadarin shi kaɗai, wanda yau ake kira vinblastine.

A lokaci guda, a Amurka, kamfanin Eli Lilly na kan wannan fure, su ma labarin ciwon sukari ne ya jawo su. Gordon Svoboda da abokan aikinsa suka gwada ruwan ganyen a kan ɓerayen da aka sa wa sankarar jini, suka ga waɗanda aka yi wa allura sun fi daɗewa da rai. Daga nan aka ciro na biyu, vincristine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1963. Yadda yake aiki: kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta shimfiɗa wasu siraran zarurruka da ke ja mata kayan gadonta gefe biyu. Maganin na hana zaren haɗuwa, sai rabuwar ta tsaya. Tun da ƙwayoyin sankara sun fi saurin rabuwa, su suka fi jin jiki.

Kafin wannan zamani, yaron da ya kamu da irin sankarar jinin da ta fi yawa ga yara, da wuya ya tsira; ko ɗaya cikin goma ba su kai ba. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na warkewa. Ba vincristine kaɗai ya yi wannan ba, ana haɗa shi da wasu magunguna, amma har gobe yana cikin ginshiƙan jiyyar.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, mutanen Jamaika sun yi gaskiya cewa akwai ƙarfi a ganyen, amma ba a inda suka nuna aka same shi ba. Maganar masu magani ƙofa ce, gwaji ne ke faɗin abin da ke cikin ɗaki. Ina faɗin haka don na ga iyalin da suka ƙarar da kuɗinsu kan jiƙe-jiƙe, sai da ciwo ya ci ƙarfin yaro aka kai shi likita. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya tsinko furen ya dafa. Sai an tara ganye kilo ɗaruruwa ake samun giram guda na vincristine, kuma ta jijiya ake ba da shi, a awo, ƙarƙashin idon likita, don guba ne.

Na biyu shi ya fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe. Tarihi ya riƙe sunan Noble da Beer da Svoboda, kuma sun cancanta. Amma su wa suka fara dafa ganyen? Ba a rubuta ba. An sayar da maganin an samu dukiya, Madagaskar ba ta samu rabo ba. Irin wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙulla yarjejeniyar Rio a 1992 da ta Nagoya a 2010, don a riƙa raba amfanin tsirrai da ƙasashe da al'ummomin da suka fito daga cikinsu. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta da dama, yaran da ke warkewa daga sankara ba su kai uku cikin goma ba. Fure na ƙofar gida, magani na nesa.

Shi ya sa na canza yadda nake cika littafina. Yanzu in an ba ni sunan itace, sai in rubuta wanda ya faɗa, in ya yarda, da garinsa, da ranar, da yadda ake haɗawa, cikin kalmominsa shi kansa. Ƴan uwa ɗalibai, mu ba mu da ɗakin gwaji, amma muna da kakanni da alƙalami. In wata rana ɗan sashen haɗa sinadarai ya gwada sabara ko marke, ya samu ko bai samu ba, a san daga bakin wa maganar ta fito.

Hutu mai zuwa zan koma wajen dattijuwar. Zan riƙe mata furen, in ba ta labarinsa, sannan in tambaye ta sunanta cikakke.