Tarihin Tiyatar Akalasiya

Akalasiya cuta ce da ke hana tsokar da ke bakin tumbi sakewa, sai abinci ya tsaya a bututun da ke kai shi ciki, mai ita ya riƙa amai yana ramewa. Thomas Willis na Ingila ya bayyana ta a 1674, inda majinyacinsa ke tura abinci da sanda mai soso a baki. Daga nan aka shafe ƙarni biyu ana buɗa wurin da kayan faɗaɗawa kawai.

Tiyatar ta samo asali ne daga Ernst Heller, likitan fiɗa a birnin Leipzig na Jamus. Wasu littattafai na cewa 1913, wasu 1914. Dukansu suna da hujja: a 1913 ya yi aikin, a 1914 ya wallafa bayaninsa, kuma shekarar aikin ce ta fi dacewa a riƙe. Heller ya tsaga tsokar a wuri biyu, gaba da baya, ba tare da ya huda fatar cikin bututun ba. A 1923 Zaaijer na ƙasar Holan ya nuna cewa tsaga ɗaya ta gaba ta wadatar. Wannan ce ake yi har yau, duk da cewa sunan Heller ne ya bi ta.

Sai dai ƙofar da aka buɗe wa abinci, ta nan ruwan tumbi ke hawowa, ƙwannafi ya addabi majinyaci. Shi ya sa Dor a 1962 da Toupet a 1963, dukansu Faransawa, suka kawo dabarar naɗa saman tumbi a jikin bututun don ya tare ruwan. A 1991 tawagar Alfred Cuschieri a Dundee ta yi aikin ta ƙananan ramuka a ciki da kyamara. An gwada shiga ta ƙirji ma, amma aka bar ta a hankali, domin ta can ba a samun damar yin naɗin yadda ya kamata.

Babban sauyi ya zo daga Japan. A 2008 Haruhiro Inoue, a Yokohama, ya zura na'ura ta baki, ya haƙa hanya a ƙarƙashin fatar bututun, ya yanke tsokar daga ciki, babu tabo ko ɗaya a jiki. Ya wallafa sakamakon majinyata 17 a 2010, aka san aikin da suna POEM. Shekaru tara aka yi ana yabonsa kafin a fitar da sakamakon gwada shi da na Heller bisa ƙa'ida. Binciken da Werner da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya raba majinyata 221 gida biyu. Bayan shekara biyu, kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa POEM sun samu sauƙi, na Heller da naɗin Dor kuwa kusan kashi 82. Wato kunnen doki. Bambancin yana wajen kumburin bututun da ruwan tumbi ke haddasawa: kashi 44 a ɓangaren POEM, kashi 29 a ɗaya ɓangaren, saboda POEM ba ta da naɗi.

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke dawo da jijiyoyin da suka mutu a bangon bututun. Kowanne sauƙaƙa haɗiya yake yi, kuma wanda aka yi wa na buƙatar likita ya ci gaba da duba shi.