Amsar Takardunku: Ɗan Tseren Da Ya Zama Likitan Soja

Takardar da muka ɗauko wannan mako ta fito ne daga wani manomi da ke sauraronmu kullum. Ya ce a yi masa bayani: wai shin gaskiya ne an taɓa yin likitan soja wanda aikinsa jinya ne kawai, amma ya sami lambar jaruntaka mafi girma ta ƙasar Ingila har sau biyu? Kuma wai da can ɗan wasan guje-guje ne?

To malam, gaskiya ne, ba tatsuniya ba ce. Sunansa Noel Chavasse, ana faɗinsa kamar "Shabas". Sai ka gyara zama.

An haife shi ran 9 ga watan Nuwamba, 1884, a garin Oxford na Ingila. Tagwaye ne, shi da ɗan'uwansa Christopher, kamarsu ɗaya sak. Mahaifinsu malamin addinin Kirista ne, wanda aka naɗa babban limamin cocin birnin Liverpool a 1900. Tagwayen nan tun suna makaranta Allah ya yi musu ƙafa. Da aka zo wasannin Olamfik na 1908 a birnin Landan, su biyun duka aka zaɓa su wakilci ƙasarsu a tseren mita 400. Amma fa kada ka ɗauka kofi suka ɗauko, tun zagayen farko aka fitar da su. Wanda ya ci tseren, Wyndham Halswelle, shi ma soja ne, kuma harsashi ya kashe shi a Faransa a 1915.

Noel ya gama karatun likita a 1912, ya yi aiki a wani asibitin Liverpool a ƙarƙashin Robert Jones, gwanin aikin ƙashi, watau irin sana'ar masu ɗorinmu amma ta asibiti. A 1913 ya shiga rukunin likitocin soja, aka haɗa shi da wata bataliyar 'yan sa kai da ake kira Liverpool Scottish. Shekara na zagayowa sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, yaƙin nan da ya kai sojojin Nijeriya Kamaru da Gabashin Afirka. A watan Nuwamba 1914 bataliyarsu ta haye zuwa Faransa.

Yaƙin can ba irin na doki da mashi ba ne. Kowane ɓangare ya haƙa dogayen ramuka ya shige, ga waya mai ƙaya a gaba, ga bindiga mai jigida, ga igwa dare da rana. Ruwa ya cika ramukan, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ƙafar soja takan kumbura ta ruɓe saboda daɗewa cikin taɓo, ƙwarƙwata kuwa ba a magana. Nan likitan ya fara nuna halinsa. Ya dage sai an samar wa sojojinsa ruwan zafi na wanka, da wurin wanki, da busasshiyar safa. Ƙaramin aiki ne a ido, amma ya tsare ƙafafu da yawa.

Akwai kuma abin da ya shafe ku, manoma. Filayen da aka yi yaƙin gonaki ne da suka sha takin dabbobi shekara da shekaru, kuma cikin irin wannan ƙasa ƙwayar cutar nan mai sarƙe haƙora, tetanos, take zama. Sojoji da dama ba raunin ne ya kashe su ba, ƙasar da ta shiga raunin ce. Sai da aka riƙa yi wa duk mai rauni allura sannan abin ya ragu. Saboda haka in fartanya ta sare ka ko ka taka ƙusa, wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ka nufi asibiti, kada ka tsaya barbaɗa masa ƙasa.

Mu koma ga likita. Bisa tsari, wurinsa yana ɗan baya kaɗan, inda masu ɗauko raunana za su kawo masa su. Shi kuwa in dare ya yi sai ya fita da kansa cikin filin da ke tsakanin rundunonin biyu, yana bin nishin mutane. A kan haka aka ba shi lambar Military Cross bayan karon Hooge a ƙasar Beljiyam, cikin watan Yuni 1915.

Sai yaƙin kogin Somme na 1916, wanda ranar farko kaɗai sojan Ingila kusan 20,000 suka mutu. Ran 9 ga Agusta bataliyarsa ta kai hari ƙauyen Guillemont, aka yi musu ɓarna ƙwarai. Ya wuni yana ɗaure raunuka a fili, abokan gaba na ganinsa. Kashegari suka ɗauko wani mai mummunan rauni suka yi tafiyar yadi 500 igwa na sauka, har ɓarɓashin ƙarfe ya same shi a kwiɓi. Duk da haka daren nan ya ɗebi mutum 20 ya koma, suka ciro mutum uku daga wani rami da bai fi yadi 25 daga ramin Jamusawa ba. An lissafa ya ceci kimanin mutum 20 masu mugun rauni. Ya kuma tattaro 'yan alamomin suna da sojoji ke ratayawa a wuya daga jikin gawawwaki, don iyalansu su sami tabbaci. Wannan ya jawo masa Victoria Cross ta farko, wadda Sarki George na Biyar ya maƙala masa a watan Fabrairu 1917.

An yi masa tayin komawa babban asibiti can nesa da wuta, ya ce a'a, yana nan da mutanensa. A farkon watan Yuli 1917 ƙanensa Aidan ya ɓace a bakin daga. Ka ji ikon Allah: wanda ya sha nemo 'ya'yan wasu, nasa ɗan'uwan ko gawarsa ba a gani ba. Sunansa kawai aka rubuta a ƙofar Menin ta garin Ypres, cikin sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Ran 31 ga Yuli aka fara sabon gumurzu kusa da Ypres ɗin. Tun ranar farko aka ji masa ciwo a ka yana ɗauke da wani soja. Ya ƙi barin wurin aikinsa. Kwana biyu yana jinya yana fita nema cikin ruwan sama da taɓo, ga yunwa ga gajiya. Ran 2 ga Agusta harsashin igwa ya faɗa ramin da suke, ya yi masa rauni a ciki. Ya rasu ran 4 ga Agusta, 1917, a asibitin soja na Brandhoek, yana da shekara 32, da baikon aure a kansa. Can aka binne shi, aka kuma ba shi lambar ta biyu bayan ransa.

Mutum uku ne tak suka taɓa samun lambar nan sau biyu: Arthur Martin-Leake, da Chavasse, da Charles Upham na ƙasar New Zealand a Yaƙin Duniya na Biyu. Biyu daga cikin ukun likitoci ne. Christopher kuwa ya tsira daga yaƙin, har ya zama babban limamin cocin Rochester a 1940.

Wani zai ce, da ya yarda an kwashe shi tun ciwon farko, ai da ya rayu ya yi wa dubbai magani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don ba a yin likita a kwana ɗaya. Amma wanda ke kwance cikin taɓo a daren nan ba likitan baɗi yake jira ba. Wannan muhawara mun bar muku ita, ku tattauna a dandali da rumfunan kasuwa, ku rubuto mana ra'ayinku.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.