Ƙarafa: Tsohuwar Makabartar Alƙahira da Titunan Mota Suka Ratsa

Duk wanda ya yi karatun allo a Damagaram ko Agadas ko Kano ya san ruwayar Warshu, domin da ita aka biya masa, da ita kuma ya wanke allonsa. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda mai wannan suna yake kwance. Usmanu ɗan Sa'idu, wanda malaminsa Nafi'u ya laƙaba wa Warshu, Bamisire ne. Ya rasu a shekarar 197 bayan Hijira, kabarinsa kuwa yana Ƙarafa, babbar makabartar birnin Alƙahira, wadda Turawa ke kira Birnin Matattu.

Ƙarafa ta girmi Alƙahira kanta. Da Amru ɗan Asi ya ci ƙasar Masar ya kafa garin Fusɗaɗu wajen shekarar 641 Miladiyya, Musulmi suka ware filin da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam don binne matattunsu. Sai a shekarar 969 Faɗimawa suka aza harsashin Alƙahira. Birni yana faɗaɗa, makabarta tana bin sa, har ta miƙe tsawon kilomitoci a gabas da kudancinsa.

Manyan bayin Allah da aka rufe a wurin su suka jawo mata martaba. Akwai Laisu ɗan Sa'adu wanda ya rasu a 791, da Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik, wanda amsoshinsa suka zama ginshiƙin Mudawwana. Akwai Imamu Shafi'i da ya rasu a 820, da Sayyida Nafisa da ta bi shi bayan shekara huɗu. A 1211 Sarki Alkamil na gidan Ayyubawa ya gina ƙatuwar ƙubba a kan kabarin Shafi'i, kuma tana nan tsaye har yau. Daga baya sarakunan Mamluk suka buɗe sabon ɓangare a hamadar da ke arewa. Nan Sarki Ƙaitabai ya kammala masallacinsa da hubbarensa a 1474, ginin da aka buga hotonsa a takardar fam ɗaya ta Masar.

Ba a taɓa barin matattun Ƙarafa su kaɗai ba. Masu hali sukan kewaye kaburburan danginsu da katanga, su yi ɗaki da tsakar gida, su ajiye mai gadi, su tsayar da waƙafi don masu karatun Alƙur'ani. Ibnu Baɗuɗa ya ratsa ta a 1326, ya ba da labarin yadda mutane ke fita da iyalansu su kwana a can daren Juma'a. A ƙarni na 20, da ƙuncin muhalli ya matsa wa talakawan birnin, iyalai masu yawa suka tare a waɗannan ɗakuna, aka haifi 'ya'ya da jikoki a tsakanin kaburbura.

Mu ma muna da namu a can. Mansa Musa na Mali, a hanyarsa ta zuwa Hajji a 1324, a Ƙarafa aka yi masa masauki. Imamu Suyuɗi, wanda ake jan Jalalaini da ya kammala a masallatanmu kowane watan Azumi, yana kwance daura da Ƙofar Ƙarafa tun 1505. Shi ne ya aiko wa sarakunan ƙasar Tukururu wasiƙar nasiha, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim a cikinta. Sai kuma Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, gwanin lissafi da ilimin hatimi. Bayan ya sauke farali ya zauna a Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan abokinsa Shehu Hasan Aljabarti. Mai masaukin ya rufe shi a makabartar Mujawirina, ya gina masa kabari, ya rubuta sunansa da tarihin rasuwarsa a kai. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, ya shigar da labarin cikin littafinsa na tarihin Masar. Albarkacin wannan rubutu ne muka san inda baƙon Katsina ya kwanta.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Tun zamanin Jamal Abdul Nasir aka keta titin Salah Salim ta jikin makabartar. A watan Yulin 2020 motocin rusau suka shiga ɓangaren arewa don buɗe wata sabuwar hanya, daga baya aikin ya gangara kudu, unguwannin Imamu Shafi'i da Sayyida Nafisa. Ana shafa jan fenti a bangon kabari, a sanar da dangi su zo su kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa sababbin makabartu a bayan gari. Har kabarin marubucin nan Ɗaha Husaini sai da aka shafa wa jan fentin a 2022, kafin kukan jama'a ya sa aka ƙyale shi. A 2023 labari ya bazu cewa hubbaren Warshu ma yana cikin haɗari, hankalin masu karatun Alƙur'ani ya tashi a ƙasashe da dama.

Hukuma tana da hujjarta, kuma ba a raina ta ba. Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, cunkoson motoci yana cinye wa ma'aikaci rabin yininsa, mai rai kuwa yana da haƙƙin hanya. Jami'ai sun sha nanata cewa ba a taɓa ko gini ɗaya da ke cikin rajistar kayan tarihi ba. Masana gine-gine suka ce ai nan gizo ke saƙar. Doka mai lamba 117 ta shekarar 1983 tana kare abin da aka yi wa rajista, alhali mafi yawan kaburburan Ƙarafa, har da masu ƙubbobi da sassaƙen marmara, ba su taɓa shiga wannan kundi ba. Hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar Alƙahira cikin wuraren gadon duniya tun 1979, amma hakan bai tsayar da motar rusau a bakin kabarin da ba shi da lamba ba.

Masu kishin wurin ba su naɗe hannu ba. An gyara ƙubbar Imamu Shafi'i, aka sake buɗe ta a 2021 bayan aikin shekaru. Wasu 'yan sa-kai, ciki har da likitoci da ɗalibai, suka riƙa bin layi-layi da wayoyinsu suna ɗaukar hoton kowane allon kabari, suna kwafe sunaye da shekaru kafin ranar rusau ta zo. A cikin ɓaraguzai sun tsinci alluna masu rubutun Kufi da suka haura shekara 1000, suka miƙa su ga hukumar kayan tarihi.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne aikin da Shehu Hasan Aljabarti ya yi wa baƙonsa shi ne dai waɗannan 'yan sa-kai suke yi wa birni guda bayan kusan shekara 300. Kabarin da aka san mai shi yakan sami mai tsaya masa ranar da aka zo da igiyar awo, wanda aka manta sunansa kuwa fili ake kiransa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A garuruwanmu akwai tsofaffin makabartu da gidaje suka ci gefensu, akwai malamai da waliyyai waɗanda dattijo ɗaya ko biyu kaɗai suka rage masu iya nuna makwancinsu. A je a same su da takarda da alƙalami tun suna iya tashi su nuna.

Allah Ya jiƙan mazauna Ƙarafa, da namu da suka riga mu gidan gaskiya.