Faɗaɗa Gidan Opera na Covent Garden da Dangantakarsa da Tsohon Dandali

Wannan maƙala ta dubi yadda aka faɗaɗa gidan wasan opera na birnin Landan, wato Royal Opera House, tsakanin 1984 da 1999. Babbar matsalar da masu zanen suka fuskanta ba a cikin gidan take ba, a wajensa take: wani tsohon dandali ne da gidan ya juya wa baya sama da shekara 100.

Shi dai wannan dandali na Covent Garden, Inigo Jones ne ya zana shi a shekarun 1630 bisa salon dandalolin Italiya, da barandu masu bakan gizo a gefensa. Daga baya kasuwar kayan lambu da furanni ta mamaye shi. An gina gidan wasa na farko a kusurwarsa a 1732, gobara ta cinye shi a 1808, ta kuma cinye na biyu a 1856. Na ukun, wanda E. M. Barry ya zana aka buɗe a 1858, titin Bow Street ƙofarsa take fuskanta.

Kafin kasuwar ta koma Nine Elms a 1974, hukumomi sun yi niyyar rushe yawancin unguwar. Mazauna suka tashi tsaye, har a 1973 gwamnati ta sanya gine-gine sama da 200 cikin jerin waɗanda doka ta kare. Saboda haka, lokacin da Jeremy Dixon da kamfanin BDP suka lashe gasar zanen a 1984 (Edward Jones ya haɗu da su daga baya), sun tarar da jama'ar da idonsu ya riga ya buɗe. Tsarin farko ya ƙunshi ofisoshin haya domin samar da kuɗin aikin; ƙungiyar mazauna ta yi adawa da shi, kasuwar gidaje kuma ta faɗi. Asusun caca na ƙasa ne ya cece aikin da fam miliyan 78.5, abin da ya jawo ƙorafin cewa ana gina wa masu hali wurin shaƙatawa da kuɗin talaka.

Ƙorafin yana da tushe, kuma a iya cewa zanen ya yi ƙoƙarin amsa shi. An maido da baranda a kusurwar arewa maso gabas ta dandalin, da shaguna a ƙarƙashinta, aka buɗe ƙofa daga nan zuwa cikin gidan. An gyara Floral Hall, zauren ƙarfe da gilashi na 1860 wanda gobara ta lalata a 1956, ya zama matattarar 'yan kallo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne matakala mai tafiya da kanta da ta tashi daga wannan zaure zuwa bene. A da, masu kujerun araha ta wata ƙofar gefe a Floral Street suke shiga, su hau matakala mai tsawo, ba sa ko haɗa ido da manyan baƙi. Bayan gyaran, ƙofa ɗaya ta haɗa kowa, kuma barandar sama mai kallon dandalin a ɓangaren masu kujerun arahar take.

An sake buɗe gidan a watan Disamba na 1999. Sai dai ƙofar dandalin ta kasance a ɓoye, mai wucewa bai cika gane ta ba. Sai a 2018 kamfanin Stanton Williams ya kammala wani gyaran da ya fito da mashigan fili, aka kuma ba jama'a damar shiga da rana ko ba su da tikiti.