Kulungugu da Mafarkin Haɗa Kan Afirka

Gundumar Pusiga tana can ƙuryar arewa maso gabashin Ghana, gabas da Bawku, inda iyakar ƙasar ta haɗu da Togo da Burkina Faso. Bisa ga tarihin baka, a nan ne Na Gbewa ya zauna, wanda Dagwamba da Mamfurusi suke ɗauka kakansu, Mosi ma suna cewa daga tsatsonsa suka fito. Fataken Hausa masu neman goron Gwanja sun daɗe suna ratsa wannan yanki zuwa Yendi da Salaga, ba mai tambayarsu fasfo, sai dai kuɗin fito da gaisuwar sarakuna. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899 ce ta tsaga ƙasar Dagwamba biyu, har Yendi ta faɗa hannun Jamus.

Kwame Nkrumah ya yi niyyar share waɗannan iyakoki. A 1961 shi da Maurice Yaméogo na ƙasar Volta ta Sama suka rushe wani bango a Paga, alamar cewa an ɗauke shingen kwastan. Ran 1 ga Agusta 1962, yana dawowa daga ganawa da Yaméogo a Tenkodogo, aka jefa masa gurneti a Kulungugu, ƙauyen bakin iyaka da ke cikin gundumar Pusiga yanzu. Ya tsira da rauni, amma daga ranar zargi ya cika masa zuciya, har ya tsare ministocinsa Tawia Adamafio da Ako Adjei. Shirin kwastan bai yi ƙarko ba. A Adis Ababa a 1963 shugabanni suka ƙi gwamnati ɗaya da ya roƙa, a Alƙahira kuma a 1964 suka amince kowa ya riƙe iyakar da Bature ya bar masa.

Amma talauci ya fi gurneti ɓarna. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a Ghana. Nijeriya ta rama a 1983, wajen mutanen Ghana miliyan ɗaya suka koma gida, alhali ECOWAS ta riga ta amince tun 1979 ɗan yankin ya shiga kowace ƙasarta ba biza har kwana 90.

Yanzu ofishin kasuwar bai ɗaya ta Afirka yana Accra, duk da haka Ghana ta kasa biyan bashinta a 2022, Burkina Faso da Mali da Nijar kuma suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Abin lura shi ne ba su taɓa kuɗin saifa ba. Togo tana cikin ECOWAS, Burkina ta fita, amma kuɗinsu ɗaya. Ghana da Togo ƙungiyarsu ɗaya, amma mai saye daga Pusiga in ya ƙetare zuwa kasuwar Sinkase sai ya nemi ɗan canji. Kuɗin bai ɗaya na Eco da aka sha ɗagawa an sa masa 2027, motocin albasar Nijar kuwa ba su jira shi ba.